Ciwon ƙoda: me masu bincike suke nema a cikin ƙwayar halitta ɗaya tak?

A ce mutum biyu ne masu ciwon suga suka je asibiti. Shekarunsu ɗaya, awon jininsu kusan ɗaya, likita ya shaida wa kowannensu cewa ƙodarsa ta fara taɓuwa, ya rubuta musu magani iri ɗaya. Bayan shekara biyar ɗaya yana kasuwarsa lafiya lau, ɗayan kuwa yana bin layin wankin ƙoda sau biyu a mako. Me ya raba su?

Likitocin ƙoda sun daɗe suna fama da wannan tambaya, kuma ita ce ta kai masu bincike ga dabarar karanta ƙwayoyin halittar ƙoda, wato ƙananan tubalan da namanta ya ginu da su, ɗaya bayan ɗaya, daga ɗan tsakuren naman da aka ɗebo da allura. A watan Yulin 2023 mujallar kimiyya ta Nature ta buga abin da aka kira taswirar ƙodar ɗan Adam, kuma tun daga lokacin labarai irin wannan suke ta fitowa. Wasu sun ɗauka sabon gwaji ne da za a iya zuwa asibiti a nema. Wasu sun ɗauka an samo maganin da zai raba mutane da wanki. Wasu kuma, da jin ana maganar ɗibar naman ƙoda, sai gabansu ya faɗi, saboda labaran satar ƙoda da suka cika gari. Duka ukun ba haka abin yake ba.

Abin da awon jini yake faɗa, da abin da yake ɓoyewa

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya, likitoci suna kiran kowace guda nefron. Matatar kashi biyu ce. Akwai dunƙulen siraran jijiyoyin jini, gilomerulus, inda ruwa yake tsatsowa daga cikin jini. Sai dogon siririn bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe da yake mayar wa jiki abin da bai kamata ya rasa ba: ruwa, gishiri, suga. A yini da kwana ɗaya ƙodojin mutum suna tace ruwa kimanin lita 180, amma fitsarin da yake fita bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Sauran duk bututun nan ne ya maido shi.

Kowane sashe na wannan hanya yana da nasa ƙwayoyin halitta, masu nasu aiki. Akwai masu yatsu da suke rungume da jijiyoyin gilomerulus suna hana furotin zurarewa cikin fitsari, ana kiransu fodosait. Akwai na farkon bututu, waɗanda suka fi kowa shan aiki da cin kuzari. Akwai masu daidaita gishiri, masu daidaita tsamin jini, masu shimfiɗe cikin jijiyoyi, ga kuma na garkuwar jiki da ke zaune a tsakaninsu.

Gwajin asibiti na yau da kullum ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Ana auna kiriyatinin, wani dattin da ƙoda take tacewa ta fitar, a jini, a yi lissafin ƙarfin tacewar ƙoda da shi. Ana auna furotin a fitsari. Idan ƙarfin tacewa ya yi ƙasa da 60 sama da wata uku, ko furotin ya ci gaba da fita, sai a ce mutum yana da ciwon ƙoda mai daɗewa. Idan ƙarfin tacewar ya sauka ƙasa da 15, ƙoda ta gaza ke nan. Waɗannan awo suna da amfani ƙwarai, suna da arha, kuma da su ake ceton rayuka kullum. Sai dai jimillar aiki suke nunawa, ba sa nuna inda ɓarnar ta faro. Kuma kiriyatinin yakan makara, domin matatun da suka rage lafiya sukan ɗauki nauyin waɗanda suka mutu, har mutum ya rasa kusan rabin aikin ƙodarsa alhali takardar gwaji ba ta nuna wani abin tashin hankali ba.

Saboda haka abin da muke kira ciwon ƙoda cututtuka ne masu yawa da aka lulluɓe da suna guda. Manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na duniya sun ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 850 ne ke da wani nau'insa. Rabon da ake yi musu a yanzu, wannan na suga ne, wancan na hawan jini ne, bai kai ga bayyana dalilin da ya sa wani yake saurin lalacewa wani kuma yake daɗewa ba.

Allura da ɗan tsakure

Idan likita yana son ganin naman ƙodar da idonsa, sai ya yi abin da ake kira bayofsi. Ba tiyata ba ce, ba kuma cire ƙoda ake yi ba. Majinyaci yakan kwanta rub da ciki, a yi masa allurar kashe zafi a kwiɓi, a duba inda ƙodar take da na'urar sikanin, sannan a sa wata doguwar allura a ɗebo ɗan silin nama, tsawonsa santimita ɗaya zuwa biyu, kaurinsa kimanin milimita ɗaya. Likitoci biyu a Danmak, Poul Iversen da Claus Brun, su ne suka bayyana wannan hanya a 1951, sai Robert Kark da Robert Muehrcke suka gyara ta a Chicago a 1954. Babban haɗarinta zubar jini ne. Mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari sukan zubar da jinin da sai an yi musu ƙari, shi ya sa ake kwantar da majinyaci na wasu sa'o'i ana lura da shi.

Tsakuren nan yakan ƙunshi gilomerulus goma zuwa ashirin kacal daga cikin miliyan. Ƙwararren likitan duba nama zai yanka shi falle-falle, ya rina, ya duba a madubin likita, wani lokaci har da na'ura mai ƙarfin gani da ke aiki da lantarki. Abin da yake gani siffa ce: nan akwai tabo, nan akwai kumburi, nan bango ya yi kauri. Shekara saba'in ana sanya wa cututtukan ƙoda suna ne bisa wannan siffa. Amma tabo iri ɗaya yana iya fitowa daga dalilai mabambanta, kuma madubin ba ya faɗin abin da ƙwayar da ba ta riga ta mutu ba take ciki.

Daga niƙa gaba ɗaya zuwa ƙirga ɗaya-ɗaya

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA iri ɗaya, mai ƙunshe da umarnin gado kimanin 20,000 na haɗa furotin. Abin da ya bambanta ƙwayar ƙoda da ta hanta shi ne waɗanne umarni kowacce ta kunna. Idan ƙwaya ta kunna wani umarni, sai ta yi kwafinsa na wucin gadi, wanda ake kira RNA. Duk wanda ya iya ƙirga RNA ɗin da ke cikin ƙwaya zai san abu biyu: wace irin ƙwaya ce, kuma wane hali take ciki a lokacin da aka ɗauko ta, tana aikinta ne, tana gyaran rauni ne, ko tana kiran garkuwar jiki ne.

A da, ana narkar da tsakuren naman gaba ɗaya ne a ƙirga RNA ɗinsa a haɗe. Kamar a haɗa gero da dawa da wake da masara a kai injin niƙa ne: garin zai nuna maka akwai ɗaci, amma ba zai gaya maka wane hatsi ne ya lalace ba, kuma idan wanda ya lalace ɗin tafi ɗaya ne a cikin buhu, ɗacin ma ba lallai ka ji shi ba. A ƙoda wannan babbar matsala ce, domin ƙwayoyin farkon bututu sun rinjayi kowa yawa, su kuwa fodosait ba su taka kara sun karya ba a lissafi, alhali daga gare su cututtuka da dama suke farowa.

A 2009 ne Fuchou Tang da abokan aikinsa a ɗakin binciken Azim Surani da ke Cambridge suka karanta RNA na ƙwaya ɗaya tak, ta ɗan tayin ɓera. Aiki ne na hannu, mai cin rai. A 2015 ƙungiyoyi biyu a Jami'ar Harvard suka fito da dabarar ɗigo, wadda ta sa ake iya karanta dubbai a lokaci guda. Ga yadda take. Ana sa tsakuren a cikin sinadarin da ke warware ƙwayoyin daga juna. Sai a tura su ta cikin wata siririyar hanya inda kowace ƙwaya take faɗawa cikin ɗigon ruwa nata na kanta, kewaye da mai, tare da wani ɗan ƙwallo mai ɗauke da lambar shaida da babu irinta. A cikin ɗigon ƙwayar takan fashe, RNA ɗinta ya manne da lambar. Daga nan ko an haɗe komai wuri ɗaya an zuba a na'urar karanta DNA, kowane saƙo yana ɗauke da shaidar ƙwayar da ya fito. Kwamfuta ce take tattara ƙwayoyin da suka yi kama da juna rukuni-rukuni, masana su zauna su sanya wa kowane rukuni suna.

Ƙoda ta ba da wahala a nan. Namanta yana da tauri, musamman idan tabo ya shige shi, kuma sinadarin warwarewa yakan kashe ƙwayoyi masu laushi ko ya firgita su har su kunna umarnin da ba su kunna ba a cikin jiki. Ƙungiyar Benjamin Humphreys ta Jami'ar Washington da ke St. Louis ta nuna a 2019 cewa idan aka ciro cibiyar ƙwayar kawai, wato inda DNA ɗinta yake, maimakon ƙwayar gaba ɗaya, ana samun nau'o'in da a da suke ɓacewa, kuma ana iya yin aikin da naman da aka daskarar aka ajiye. Wannan batu na daskarewa yana da muhimmanci ga ƙasashe irin namu, za mu dawo kansa. Daga baya kuma aka samu hanyoyin karanta RNA ba tare da an warware naman ba, ta yadda ake ganin wace ƙwaya ce ke maƙwabtaka da wace.

Me aka gano zuwa yanzu?

A 2018 ƙungiyar Katalin Susztak ta Jami'ar Pennsylvania ta karanta ƙwayoyi 57,979 daga ƙodojin ɓeraye. Sun lura cewa umarnin gado da aka sani suna jawo wata cuta guda sukan taru ne a nau'in ƙwaya guda. Waɗanda ke sa furotin zuba cikin fitsari suna cikin fodosait, masu rikita tsamin jini suna cikin ƙwayoyin ƙarshen bututu. Ma'ana kowace cuta tana da gidanta a cikin ƙoda, kuma mai neman magani ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne batun gyaran da bai kammala ba. Ƙwayoyin farkon bututu suna iya warkewa bayan rauni, irin wanda zazzaɓi mai tsanani, zubar jini wurin haihuwa, gudawa mai ƙarar da ruwan jiki ko guba suke jawowa. An daɗe ana ɗauka cewa idan kiriyatinin ya sauko ya koma daidai, an wuce wurin. A 2020 ƙungiyar Humphreys ta nuna a ɓeraye cewa wasu daga cikin ƙwayoyin ba sa mutuwa, ba sa kuma komawa bakin aikinsu. Sukan maƙale a tsakani, suna fitar da saƙonnin da ke jawo kumburi da tabo, kuma ana gane su da wata alama mai suna VCAM1. Daga baya aka same su a ƙodar mutum. Wannan ya ba da bayani mai gamsarwa kan abin da likitoci suka daɗe suna gani, cewa wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa farat ɗaya ta kuma farfaɗo yana cikin haɗarin ciwo mai daɗewa bayan shekaru. Matar da ta tsira daga jijjiga ko zubar jini, aka sallame ta da cewa ƙodarta ta dawo, ta cancanci a ci gaba da auna ta lokaci-lokaci.

Na uku, tabon kansa. Duk inda ciwon ƙoda ya faro, ƙarshensa tabo ne yake cinye naman kirki. An shekara da shekaru ana gardama kan waɗanne ƙwayoyi ne suke saƙa wannan tabo, wasu na cewa na bututu ne suke rikiɗa, wasu na cewa daga jini suke zuwa. A 2021 ƙungiyar Rafael Kramann a birnin Aachen na Jamus ta bi sawun abin a ƙodojin mutane, ta nuna cewa mafi yawansu daga ƙwayoyin da ke zaune a tsakanin bututu da kewayen ƙananan jijiyoyi suke fitowa.

Akwai kuma cutar lufus, inda garkuwar jiki take juyowa kan mai ita, wadda ta fi kama mata masu shekarun haihuwa, ta kuma fi tsananta a kan baƙar fata. A 2019 wani haɗin gwiwar masu bincike a Amurka ya karanta tsakuren ƙodar masu wannan cuta, ya sami rukunonin ƙwayoyin garkuwa har 21. Wani sashe na aikin ya nuna cewa majinyatan da ƙwayoyin bututunsu suka nuna alamun tabo da alamun wani sinadarin garkuwa mai suna intaferon sun fi ƙin jin magani. An kuma ga cewa ƙwayoyin garkuwar da ke fitowa cikin fitsari suna kama sosai da waɗanda ke cikin ƙodar.

Taswirar 2023 ta tattaro irin waɗannan zare wuri guda. Aiki ne na shirin binciken ƙoda da cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka ta kafa a 2017, wanda aka fi sani da KPMP, tare da wasu shirye-shirye. Sun karanta ƙwayoyi da cibiyoyin ƙwayoyi sama da 400,000 daga mutum 45 masu lafiyayyar ƙoda da majinyata 48, suka fitar da manyan nau'o'in ƙwaya 51 da yanayi 28 da ƙwayoyi ke shiga idan sun ji rauni. Wani abin yabo game da shirin shi ne majinyata sun amince a yi musu bayofsi domin bincike, suna sane da cewa amfanin ba lallai ya dawo gare su ba, kuma an sa wakilan majinyata cikin masu tsara aikin. Bayanan suna intanet kyauta, ɗalibi a Zariya ko Yamai mai kwamfuta da ilimin lissafin zai iya sauke su ya yi nazari.

Inda masu ɗari-ɗari suke da hujja

Ba duk likitoci ne suke rawar jiki da wannan dabara ba, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Ciwon ƙoda ba ya bazuwa daidai wa daida, allura tana iya faɗawa inda ya yi tsanani ko ta kauce masa. Na'ura ba ta kama duk RNA ɗin da ke cikin ƙwaya, kaso kaɗan take samu, sauran da lissafi ake cike gurbinsa. RNA kuma ba shi ne furotin ba, an ba da umarni ba yana nufin an aiwatar ba. Idan aka ga wata ƙwaya a wurin ɓarna, wannan bai tabbatar da cewa ita ta yi ɓarnar ba, tana yiwuwa gyara ta zo yi. Sannan ƙwaya dubu ɗari huɗu daga mutanen da ba su kai ɗari ba har yanzu mutanen da ba su kai ɗari ba ne.

Ga tsada. Karanta samfuri guda kan ci sama da dala dubu, ban da kuɗin na'ura da na ƙwararrun da za su fassara sakamakon. Masu wannan ra'ayi suna tuna mana cewa magungunan da suka fi sauya rayuwar masu ciwon ƙoda a shekarun nan, irin su dapagliflozin da empagliflozin, ba daga nazarin ƙwaya ɗaya-ɗaya suka fito ba. Magungunan suga ne da manyan gwaje-gwaje kan dubban majinyata suka nuna suna kare ƙoda, sai daga baya masu nazarin ƙwayoyi suka bi baya suna neman yadda suke aiki.

Gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe ta. Amma akwai misalin da ke nuna inda hanyar za ta iya kaiwa. Wata cutar gilomerulus mai sa kumburin jiki da zubar furotin, wadda bangon matata yake kauri a cikinta, an shekara hamsin ana gane ta da siffa kawai. A 2009 Laurence Beck da David Salant a Boston suka gano furotin ɗin da garkuwar jiki take kai wa hari a kan fodosait a kusan kashi 70 cikin ɗari na majinyata, sunansa PLA2R. Yau da gwajin jini ake bibiyar cutar, wani lokaci ma ba sai an sa allura a ƙoda ba. Ba da dabarar ƙwaya ɗaya-ɗaya aka yi wannan ba, amma irin sakamakon da ake fata ke nan: a yi aiki mai tsada sau ɗaya a ɗakin bincike, ya haifar da gwaji mai sauƙi ga kowa.

Me zai sauya ga majinyaci?

A yau, kusan babu. Ba wani asibiti da yake yanke wa majinyacin ƙoda magani bisa karatun ƙwaya ɗaya-ɗaya a matsayin aikin yau da kullum, ko a Amurka. Duk wanda ya tallata maka irin wannan gwaji da alkawarin warkar da ƙodar da ta riga ta ƙanƙance, kuɗinka yake so. Matatar da ta mutu ta zama tabo ba ta dawowa.

Abin da ake sa ran gani a hankali shi ne gwajin fitsari ko na jini da zai nuna wa likita tun da wuri wane majinyaci ne ƙwayoyinsa suka maƙale a gyaran da bai kammala ba. Sai magungunan da aka ƙera don wata ƙwaya takamaimai, maimakon danne garkuwar jiki gaba ɗaya da magunguna masu illa. Sai kuma masu dashen ƙoda, inda ake son bambance tun da wuri ko jiki ne yake ƙin ƙodar, da kuma ta wace hanya yake ƙin ta. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, don haka wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye.

Kafin nan, abin da ke hannun talaka shi ne awon hawan jini, awon suga da gwajin furotin a fitsari, musamman ga wanda akwai ciwon a danginsu, tare da kauce wa yawan shan magungunan kashe ciwon jiki barkatai da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba. A 2025 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da sauke kuɗin wanki zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Sauƙi ne, amma wanda ake yi wa sau biyu ko uku a mako har ƙarshen rayuwa ya san nauyin bai sauka ba.

Naman wa ke cikin taswirar?

A 2010 masu bincike ƙarƙashin Martin Pollak a Boston suka gano cewa wasu sauye-sauye biyu a umarnin gado mai suna APOL1 suna bayyana kaso mai yawa na dalilin da ya sa baƙaƙen fatar Amurka suka fi farare kamuwa da gazawar ƙoda. Asalin sauye-sauyen daga Afirka ne, kuma sun yaɗu ne saboda suna ba da kariya daga wani nau'in cutar barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Yawansu ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma: a Afirka ta Yamma suna da yawa, a Habasha kusan babu su. A 2024 haɗin gwiwar binciken ƙoda na H3Africa ya fitar da sakamakon nazarin mutum 8,355 a Ghana da Najeriya. Kashi 43 cikin ɗari na mahalarta suna da kwafi ɗaya na sauyin, kusan kashi 30 suna da biyu, kuma ko kwafi ɗaya ma yana ƙara haɗarin ciwon.

Sai dai mafi yawan masu kwafi biyu ba sa kamuwa da komai. Sai wani abu ya tsokano, kamar cutar ƙanjamau ko wani kumburin da ke tayar da intaferon. Me ke faruwa a cikin fodosait ɗin wanda ya kamu, wanda ba ya faruwa a na ɗan'uwansa da bai kamu ba? Ɓera ba zai amsa wannan da kansa ba, domin ɓeraye ba su da APOL1 kwata-kwata, mutum da wasu birai ne kawai suke da shi. Dole sai naman mutum, kuma mutumin da ke ɗauke da sauyin. An riga an fara gwada wani magani mai suna inaxaplin da ke toshe aikin furotin ɗin da APOL1 yake haɗawa, kuma a ƙaramin gwajin da aka buga a 2023 ya rage furotin ɗin fitsari da kusan rabi cikin mako 13. Mutanen da suka fi kowa buƙatar irin wannan magani suna yankinmu, amma manyan taswirorin ƙoda an gina su ne da naman majinyatan Amurka da Turai.

Haka batun yake a Gashuwa da kewayenta a jihar Yobe, inda aka daɗe ana kukan yawan masu ciwon ƙoda, cikinsu har da waɗanda ba su da suga ba su da hawan jini. Ana zargin ruwan sha, ana zargin magungunan feshi, ana zargin zafin rana da ƙishirwar masu aikin gona, kuma cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda Mahmoud Bukar Maina ke jagoranta, ta shiga aikin neman dalili. A Sri Lanka da ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka, inda manoma ke fama da ciwo mai kama da wannan, bayofsi ya nuna cewa ɓarnar ta fi yawa a bututu da naman da ke kewaye da shi, ba a gilomerulus ba. Ƙwayar bututu da guba ta taɓa da wadda ƙarancin jini ya taɓa ba lallai su kunna umarni iri ɗaya ba, don haka karatun ƙwaya ɗaya-ɗaya zai iya taimakawa wajen rage jerin abubuwan da ake zargi.

Cikas ɗin shi ne yawancin majinyatanmu suna isa asibiti ne bayan ƙoda ta ƙanƙance, lokacin da likita ba zai sa allura ba, domin haɗarin ya ƙaru kuma tabo kawai zai samu. Tsakuren da ke da amfani ga bincike na wanda aka gano da wuri ne. Wannan yana buƙatar gwajin fitsari a asibitocin karkara, likitocin ƙoda da suka iya bayofsi, ƙwararrun duba naman ƙoda waɗanda ba su da yawa a duk yankin, da firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba tare da wuta ta ɗauke ba. Tunda ana iya karanta cibiyar ƙwaya daga daskararren nama, ba dole ba ne kowace jami'a ta sayi na'urar. Abin da ya zama dole shi ne a yi wa majinyaci bayani da harshensa kafin ya sa hannu: me za a ɗiba, ina za a kai shi, wa zai ga bayanan gadonsa, kuma yana da damar ya ce a'a ba tare da an rage masa kulawa ba. Yarjejeniyar da za a ƙulla da duk wani ɗakin bincike na waje kuma ta ƙunshi cewa bayanan za su dawo gida, kuma ɗalibanmu suna cikin masu nazarinsu.